Kuɗin shiga daren waƙe na taimakon marayu, zai shiga lissafin zakka?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Marwa ta ƙasar Kamaru, ina sayar da atamfa. Matasan unguwarmu marubuta suna shirya daren karanta waƙoƙi da Hausa da Fulatanci, kuɗin shiga sefa 5,000, a ba mutum kujera da shayi da ɗan littafin waƙoƙin. Sun ce in an cire hayar zaure da lasifika, ragowar za a kai wa marayun da ambaliyar 2024 ta raba da gidajensu a yankin Yagwa. Ina so in sayi tikiti 20 in raba wa yaran shagona da marayun ƙanena, in lissafa kuɗin cikin zakkata. Ya halatta?

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Waƙa magana ce, mai kyanta halas, mummunarta haram, kuma ƙasar da ta gaji waƙoƙin Shehu Usmanu da Nana Asma'u ba ta bukatar a tsawaita mata wannan. Ka je taron, ka ƙarfafa wa matasan gwiwa.

Amma, Alhaji, sefa 100,000 ɗin nan ba zakka ba ce, kuma kai da kanka ka faɗi dalili: kujera da shayi da littafi za su dawo hannunka. Wannan ciniki ne mai alheri a cikinsa, ita kuwa zakka ana mallaka wa mai haƙƙi ita ne ba tare da mai bayarwa ya karɓi komai a madadinta ba. Ga kuma mai zaure da mai lasifika, waɗanda za su ɗauki nasu kafin maraya ya ga ko sisi.

Na san akwai masu cewa "fi sabilillahi" da ke aya ta 60 ta Suratut Tauba, wadda ta faɗi waɗanda ake bai wa zakka, ta haɗa kowane aikin alheri, masu shirya taro kuma ma'aikatan zakka ne. Ban gamsu da wannan ba. Ayar ta fara da "innama", wato iyakancewa, sannan ta ƙirga aji takwas. Da "fi sabilillahi" na nufin duk wani alheri, da ambaton fakiri da miskini da mai bashi ya zama maimaici, tunda taimakonsu ma alheri ne. Mazhabobi huɗu ba su faɗaɗa kalmar haka ba, har Shehu Halilu, malamin mazhabar Malik, a littafinsa Mukhtasar ya hana a kashe zakka wajen gina ganuwa ko ƙera jirgin ruwa, alhali kayan tsaron Musulmi ne. Idan ganuwar gari ba ta shiga ba, ta ina hayar kujerun roba za ta shiga? Ma'aikacin zakka kuma shi ne wanda shugaba ya naɗa don tarawa da rabawa, mutum ba ya naɗa kansa.

Mafita tana da sauƙi. Ka sayi tikitin da kuɗin aljihunka a matsayin sadaka. Idan kana son zakkarka ta isa Yagwa, ka ware ta da niyya, ka damƙa wa amintacce daga cikin matasan da sharaɗin ba za a taɓa ta don hidimar taro ba, kuma talakawa Musulmi za a bai wa, domin maraici kaɗai ba ya sa mutum ya cancanci zakka sai da talauci. Malamanmu sun yarda a kai ta nesa idan mutanen can sun fi bukata.

Sai dai wata kalma a tambayarka ta tsaya mini a rai: marayun ƙanenka. Kana shirin ba su tikitin jin waƙa, to ka bincika kuɗin makarantarsu da buhun geron gidan da suke? A mazhabar Malik ciyar da su bai wajaba a kanka ba, don haka in mabukata ne zakkarka ta halatta gare su, ga ladan zumunci a kai. Da su za ka fara.

Ka kuma gaya wa matasan, a matsayinka na babba, su tsayar da karatu in an kira salla, su ware wa mata wurin zama, su bayyana abin da aka tara da abin da aka kashe a rubuce. In an sa tombola, wato a sayi lamba don cin kyauta, kada ka saya, caca ce ko da marayu za a bai wa ribar. In an zo kiran sunayen masu gudummawa a lasifika, ka roƙe su tun da wuri su tsallake naka. Wallahu a'alam.