Tarin da ke lafawa ranar hutu: a duba ƙurar fulawa

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce ƙaninka ya shekara biyu yana kwaɓi a gidan biredi, yanzu tari ba ya barinsa barci, ƙirjinsa na kuka, amma da ya je gida hutun Sallah sai ya warware, yana komawa aiki abin ya dawo. Kana tambaya ko sanyi ne ya shige shi.

Gaskiya ba na zaton sanyi ne. Na daɗe a wannan sana'a, kuma lafawar nan da yake samu idan ya bar wurin aiki ita ce babbar alamar asmar da ƙurar fulawa ke jawowa. Tsohon ciwo ne a cikinmu, tun 1700 wani likitan Italiya, Bernardino Ramazzini, ya rubuta yadda masu gasa biredi da masu niƙa ke fama da numfashi. Ba ranar farko take kama mutum ba. Sai a yi watanni ko shekaru lafiya lau, sannan a fara da atishawa, yoyon hanci da ƙaiƙayin ido, kowa ya ce mura ce. Daga nan ta sauka ƙirji. Kuma ba fulawar kaɗai ba, garin imfuruba da muke zubawa don biredi ya tashi yana da sinadarin amilas, shi ma yana tayar da ita sosai.

Ka tsaya kusa da mai kwaɓi da asuba ka gani. Zai juye buhu mai kilo 50, ya kama gindinsa ya kakkaɓe, ya kunna inji da gudu tun ruwa bai ratsa ba. Girarsa da gashin hancinsa duk su yi fari fat. An tashi aiki kuma yaro ya ɗauko tsintsiya ya sake tayar da wadda ta kwanta. Abin na damuna, don gyaransa ba ya cin kuɗi: a zuba a hankali bakin buhu na kusa da kwano, a naɗe buhu ba kakkaɓewa, a fara da ƙaramin gudu, a shafa mai a tebur a rage barbaɗa gari, a goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma. Takunkumin yadi ba ya tare wannan ƙura, sai irin N95 wanda ya kama fuska.

Ku bar maganin tarin kemis, ku je asibiti. Tunda tarin ya wuce mako biyu a fara gwada tarin fuka, kyauta ne a asibitin gwamnati. Ya faɗa wa likita aikin da yake yi, kada ya jira a tambaye shi. Akwai ƙaramin bututu da ake hurawa don auna ƙarfin numfashi, ana rubuta sakamakon ranakun aiki da na hutu a kwatanta. Shuɗiyar inhela, Ventolin, buɗe ƙirji kawai take yi a lokacin. Akwai ta kullum mai hana kumburi, likita zai rubuta.

Idan an tabbatar, ku zauna da maigidansa a ɗauke shi daga kwaɓi, a mayar da shi rabon biredi ko shagon sayarwa. Da zarar jiki ya tsani fulawa, ƙura kaɗan ma tana tayar da ciwon, kuma wanda ya bari da wuri ya fi samun sauƙi. Idan numfashi ya sarƙe har ya kasa haɗa magana, ko inhela ba ta yi aiki ba, a kai shi asibiti a daren, kada a jira safiya. Allah Ya ba shi lafiya.