Irin burash ɗin da aka ba ka, kar ka kai shi wurin reno

Ɗana, na ga takardar irin da matar nan mai sayen salak a wurinmu ta ba ka, an rubuta bourrache a jiki. Ka tambaye ni ko za ka rene shi tare da tumatir ka dasa daga baya, kuma wai ka ji yana korar tsutsa. Ajiye fartanyar ka zauna.

Wannan ganye baƙo ne a nan Garwa ta Kamaru. Asalinsa ƙasashen bakin tekun Bahar Rum ne. Burash sunan Faransanci ne, Larabawa kuwa lisanus saur suke ce masa, wato harshen bijimi. In ya fito ka shafa bayan ganyen da yatsa, za ka gane dalili: kaushi da gashi-gashi, har ya ɗan yi maka ƙaiƙayi.

Ba a dasa shi. Saiwarsa guda ce, doguwa, tana nutsawa ƙasa kamar ta karas. In ka cire shi saiwar ta tsinke, sai ya yi kwana da kwanaki yana langaɓewa, ko ya rayu ba zai yi ƙwari ba. Inda kake so ya zauna, nan za ka shuka shi. Rami zurfin gaɓar yatsa ɗaya, ƙwaya biyu, tsakanin rami da rami santimita 40, don yana buɗewa kuma tsayinsa kan kai santimita 60 zuwa mita ɗaya. Cikin sati ɗaya zuwa biyu zai tsiro, ka bar mai ƙarfin. Kar ka kai shi cikin lakar bakin Binuwai inda ruwa ke kwanciya, ruɓewa zai yi. Gefen sama, inda ƙasar ke da rairayi, ya fi masa. Taki ma ɗan kaɗan, in ya ƙoshi sai ya zuba ganye ya yi rowar fure.

Lokaci kuwa yanzu ne, farkon hunturu. Ka shuka a Nuwamba, wajen sati takwas ka ga fure, ka ci amfaninsa Janairu da Fabrairu. Ka san yadda Maris da Afrilu suke a garin nan, zafi ya haura digiri 40, ba zai jure ba. Da a Ngaundere muke, inda tudu ya sa gari ke da sanyi, da zai fi daɗewa.

Maganar tsutsa, kar ka ɗora amfanin gonarka a kanta. Masu lambun Amurka ne ke yawan faɗin haka, kuma tsutsar da suke nufi tasu ce ta can, wata ƙatuwa koriya mai ƙaho a baya. Ni dai ba zan daina duba bayan ganyen tumatir kowace safiya don na shuka burash ba, kai ma kar ka daina.

Abin da na yarda da shi ƙudan zuma ne. Furen kamar tauraro yake, fiffike biyar, yana sunkuyar da kai. Yakan buɗe da ɗan ja-ja sannan ya koma shuɗi. Ruwan zaƙinsa ba ya yankewa, shi ya sa zuma ke wuni a kai. To ka yi tunani, wa ke bukatar zuma a lambun nan? Tumatir furensa ɗaya na ɗauke da namiji da mace, iska ta kaɗa shi ma ya ɗaura. Kokwamba da kabewa da kankana kuwa furen namiji daban, na mace daban, sai an yi musu dakon garin fure daga namijin zuwa macen. Ka tuna 'yan kokwamban bara da suka yi rawaya suka zube tun suna kamar yatsa? Yawanci rashin mai dakon ne. Don haka bakin fangalin kokwamba za ka jera shi, ka bar masa fili kar ya yi musu inuwa.

Ana cinsa. Tsinki furen ka cire koren gindin mai gashi, ka tauna, ɗanɗanon kokwamba za ka ji, kuma shi matar take so don ado a kan salak. Ganyen a tsinke shi tun yana ƙarami, dafuwa na kwantar da gashin. A Italiya da Sifen dafa shi suke yi kamar alayyafo. Amma kar ka mai da shi rama ko zogale a ci kullum. Akwai wani sinadari a ganyen da ke taɓa hanta in ya taru a jiki. Mai ciki da mai shayarwa da ƙananan yara, kar ka ba su, kar ka bari wani ya saya da sunan magani.

Furen ba ya kwana, da sassafe za ka tsinka ka sa a kwano da jiƙaƙƙen tsumma a kai. Ka bar gindi biyu ba ka taɓa su ba, don iri. Ƙwayar in ta yi baƙi da kanta take faɗuwa, sai ka shimfiɗa buhu a ƙarƙashi. Miƙo takardar mu ƙirga ko ƙwaya nawa ce a ciki.