Tambayoyi da Amsoshin Lafiya: Idan Gani Ya Ragu Kuma Ba Zai Dawo Ba

Tambaya: Likita, mahaifinmu yana da hawan jinin ido. A asibiti an ce ganin da ya tafi ba zai dawo ba, sai dai ya ci gaba da ɗiga magani. Saboda yawan tuntuɓe mun hana shi fita ko da masallaci, komai mu muke yi masa. Yanzu ko hira ya daina. Mene ne abin yi? (Daga Funtuwa)

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya, ku kuma ya saka muku da alheri. Gaskiya aka gaya muku. Gilakoma, wato hawan jinin ido, jijiyar ido take ci, kuma jijiyar da ta mutu ba ta farfaɗowa. Maganin ɗigawar ragowar ganin yake tsarewa, don haka kada a bari ya yanke. Amma abin da ya fi damuna shi ne zaunar da shi da kuka yi. Dattijon da ya saba zuwa jam'i da ƙafarsa, a wayi gari ko buta sai an miƙo masa, dole bakinsa ya mutu.

Wannan ciwo daga gefe yake fara cin gani, ya bar tsakiya. Shi ya sa Baba zai gane fuskarka sarai, amma ya yi karo da turmi a tsakar gida. To ku gyara gidan. Turmi, bokiti, kujera 'yar tsugunno, kowane ya samu mazauni, kada a sauya masa wuri. A ɗaga igiyar shanya ta wuce kansa. Ƙofa ta kasance a rufe ruf ko a buɗe gaba ɗaya. A shafa farin fenti a dokin ƙofa da bakin matakala, a ajiye fitila mai caji a hanyar bayi. Ku koya masa ya riƙa juya kai dama da hagu kafin ya ɗaga ƙafa.

In za ka raka shi, kada ka ja shi. Shi zai kama saman gwiwar hannunka, kana gabansa da rabin taki. Ku bi hanyar masallacin tare kullum kana faɗa masa alamomi: ga kwata, ga palwaya, ga dakali. Sannu a hankali zai riƙa zuwa azahar da la'asar da kansa.

Ku 'ya'yansa kuma ku je a auna muku ido, musamman wanda ya kai arba'in, domin ciwon yana bin dangi. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna bayan yanar ido, gilakoma ce ta fi makantar da manya.

Tambaya: 'Yata zabiya ce, tana aji uku na firamare. Sai ta manna littafi a hanci take karatu, malaminta yana hana ta wai za ta ƙarasa idon. Wasu sun ce in kai ta makarantar makafi. (Wata uwa daga Zariya)

Amsa: Hajiya, a bar ta ta kusanto da littafinta. Kusantowar ce take ƙara mata girman rubutun, kuma aiki da ido ba ya cinye gani. Yawancin zabaya suna iya karanta baƙi, kuma raunin ganinsu ba mai ci gaba ba ne. Ki kai ta sashen masu raunin gani, kamar na Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna ko Asibitin Ido na ECWA a Kano. Za a gwada mata tabarau, da gilashin ƙara girman rubutu, da ɗan madubin hangen allo da ake riƙewa a hannu. Ki je ki ga malamin da kanki, ki roƙe shi ya zaunar da ita a layin gaba, inda hasken taga ba ya dukan fuskarta. A rana kuma, hula mai baki da tabarau mai duhu. Makarantun makafi irin ta Gindiri a jihar Filato, wadda ke koyar da rubutun Braille da ake karantawa da yatsa tun 1953, suna da babban amfani ga yaron da baƙi ya gagare shi. 'Yarki sai an auna kafin a yanke wannan hukunci.

Tambaya: Ciwon sukari ya taɓa min ido. Ba na iya karanta saƙon waya, ina kuma tsoron rikita magungunana. (Daga Maraɗi)

Amsa: Wayar tana iya yi miki karatun. A Android akwai TalkBack, a iPhone akwai VoiceOver, duk suna cikin saitin wayar kyauta, tare da wurin ƙara girman rubutu. Ki sa ɗaya daga cikin yaran ya zauna da ke har hannunki ya faɗa. Magani kuwa, ki ɗaura kyauro ɗaya a kwalbar na safe, biyu a na dare, yatsa ya riƙa tantance miki. Kada ki yanke zuwa asibitin ido, domin ana iya tare ɓarnar sukari da hasken leza ko allura idan an kama da wuri.

Tambaya: Ina da dundumi, da magariba ta yi ba na ganin hanya. An ba ni shawarar farar sanda, amma ina kunyar a ɗauke ni mabaraci. (Wani ɗalibi)

Amsa: Na fahimci nauyin da kake ji. Ka fara zuwa a duba ƙasan idon, don wani dundumin na ƙarancin sinadarin bitamin A ne kuma yana warkewa, wani kuwa na gado ne. In na gado ne, ka karɓi sandar. Tana gano maka rami kafin ƙafarka ta faɗa, tana kuma sanar da mai babur ya rage gudu. Ka nemi wanda ya ƙware ya koya maka sarrafa ta da rana, tun kana ganin hanya, ka haɗa da tocila mai ƙarfi a aljihu.