Miyar Sinawa mai zaƙi da tsami: amsa ga ƙanwata mai tambaya

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ƙara danƙon ƙauna tsakaninki da maigidan naki. Na karanta tambayarki. Kin ce ya ci soyayyar kaza da jar miyar nan mai zaƙi da tsami a wani gidan abincin Sinawa a Abuja, ya dawo yana ta santi, kika tashi ki yi masa a gida. Sai taki ta fito da gudaji da tsaki-tsaki, tsami kamar ya cire haƙori, kazar kuma ta jiƙe ta yi luguf. A ƙasa kin ƙara da cewa garin masara kika ɗaure ta da shi, kuma kin bar ta a wuta wajen rabin awa don ta nuna sosai.

To waɗannan biyun su suka ɓata miki girki, hannunki ba shi da laifi. Mu mun saba miya sai ta daɗe a wuta, ta soyu, mai ya taso sama, sannan hankalinmu ya kwanta. Wannan ba haka take ba. Daga zuba ta a kasko zuwa saukewa bai kamata ta wuce minti biyar ba, kuma ba a yin ta don a tsoma nama a ciki ya yi iyo. Shafa ce kawai, ta lulluɓe kowace tsoka ta yi ƙyalli, idan an gama ci a tarar da faranti kusan a bushe.

Na zauna a Guangzhou lokacin da maigidana yake harkar turo wa 'yan kasuwa kaya, a unguwar Xiaobei inda 'yan Afirka suka fi taruwa. A ƙasan benenmu akwai wani ɗan shagon abinci na Musulmin Sin, 'yan ƙabilar Hui, kicin ɗinsu a buɗe yake kana ganin komai. A nan na fara lura da yadda suke yi. Mai girkin ya riga ya haɗa ruwan miyar a ɗan kwano ya ajiye gefe. Wuta na ci bal-bal, ya watsa tafarnuwa da albasa a kasko, ya juye ruwan nan, ya ɗauko wani kwanon mai farin ruwa ya kaɗa da yatsa ya tsiyaya. Kan ki ƙifta ido kumfar da ke tafasa ƙanana ta koma manya masu fashewa a hankali, launin ya tashi daga dishi-dishi ya koma garai-garai. Ya zuba soyayyen naman, ya wurga kaskon sama sau uku ko huɗu, ya juye a faranti. Shi ke nan. Tun da na dawo gida haka nake yi, har a girkin taro, kuma ba ta taɓa ba ni kunya ba.

Farin ruwan nan shi ne konfulawa. Inda ake samun ruɗani, jin an ce daga masara aka yi ta sai a ɗauka garin tuwo ma zai yi. Garin tuwo ƙwayar masara ce aka niƙa, yana buƙatar doguwar dahuwa kuma har abada ba zai yi ƙyalli ba. Konfulawa kuwa tsantsar sitaci ce da aka tace daga cikin masarar. Fara ce sol, idan kika murza ta tsakanin yatsu biyu za ki ji tana ƙara ƙiƙi-ƙiƙi, ba irin laushin fulawa ba. Ki tambaya wurin masu kayan kek, ana sayarwa a kwali da kuma a aune. Kada ki ce za ki maye gurbinta da kastad, don shi ma ko da yake sitacin masara ne, an sa masa kala da ƙanshin da ba ya shiri da tafarnuwa. Fulawa tana ɗaurewa, amma miyar za ta yi duhu-duhu da ɗanɗanon ɗanyen gari. Sitacin rogo na ci yana yi, har ya fi fita garau, sai dai in ya ɗan yi yawa yauƙi yake yi. Na gugar kaya kam ko kusa, ba abinci ba ne.

Yadda ake dama koko haka ake bi da ita: a kwaɓa da ruwan sanyi tukuna, sannan ta haɗu da zafi. Kika barbaɗa ta a bushe cikin tafasasshen ruwa, gudaji ne ba makawa. Kuma tana saurin kwanciya a gindin kwano, don haka ki sake kaɗawa daidai lokacin da za ki zuba.

Ga awon da nake yi wa rabin kilo na tsokar kaza, da babban cokalin cin abinci, a shafe ba mai tozo ba. Sukari cokali 4, farin ruwan khal, wato binega (vinegar), cokali 3, kecof cokali 3, wato jan tumatirin kwalba da ake cin soyayyen dankali da shi, soya sos, wato baƙin ruwan ɗanɗanon nan mai gishiri da ake yi da waken soya, cokali 1, ruwa rabin kofi, da ɗan gishiri abin da yatsu uku suka ɗauka. Duk ki haɗa a kwano guda ki juya har sukarin ya narke. A wani kwanon daban, konfulawa cokali 1 da ruwan sanyi cokali 2.

Kafin ki kunna wuta ki ɗanɗana ruwan nan a ɗanye. A nan ake gyara, ba a kan wuta ba. Abin da ake so shi ne zaƙi ya fara isa harshe, tsami ya biyo baya ya wanke shi, gishiri kuma ya riƙe su duka biyun. Idan kika ji zaƙi da tsamin suna nan amma miyar salam take, kada ki ƙara sukari, gishiri ne ya yi kaɗan. Mutane da yawa a nan suke ɓata, su yi ta ƙara sukari suna ƙara khal har abin ya fi ƙarfin baki. Ni ba na sa dunƙulen magi a cikinta, soya sos ya wadatar. Ba na sa kori da tayim kuma, suna juyar da ita ta koma wani abinci daban.

Ki duba jikin kwalbar khal ɗinki. Na girki galibi an rubuta kashi 5 cikin 100, awona a kansa yake. Akwai mai ƙarfi ƙwarai da ake shigowa da shi wanda sai an sirka, idan shi ne a hannunki to shi ya jawo miki wannan tsamin. Sinawa khal na shinkafa suke amfani da shi, ya fi namu sanyin tsami, idan kin same shi ki sa cokali 4. Na tuffa ma yana yi. Lemon tsami kuwa sai dai a matsa bayan an sauke, in ya tafasa ƙanshinsa guduwa yake yi. Wata daga cikin waɗanda suka riga ni ba ki amsa ta ba ki shawarar tsamiya. Tana da daɗi, ba musu, ni ma ina yi da kifi, amma ba ita maigidanki ya ci ba, zai gane tun a lomar farko.

Ɗora kasko, ki sa mai cokali 1 kacal. Ki zuba dakakkiyar tafarnuwa da ɗanyar citta, da sun yi ƙanshi ki sa albasa da koren tattasai da ja, yankan manya-manya masu kusurwa huɗu. Minti ɗaya ya ishe su, ana son su da ƙarfinsu ana jin ƙaras a baki. Juye ruwan miyar. Da ya tafasa ki kaɗa konfulawa ki zuba rabi kina juyawa, ki ɗan dakata ki gani, sannan ki ƙara in da buƙata. Ki tsoma cokali ki ja layi da yatsa a bayansa, idan layin ya tsaya bai rufe ba ta yi. Kada ki bar ta ta ci gaba da tafasa, domin tsami da doguwar wuta tsinka sitaci suke yi, sai ki ga miyar da ta ɗaure ta koma ruwa tsululu, ƙanshin khal ɗin ya tafi, sukarin ya fara kamawa. Ni ina rage ƙaramin cokali ɗaya na khal in zuba a ƙarshe bayan na kashe wuta, shi ke tada ƙanshin. Ki guji tukunyar dalma, tsami yana cin ta har ya bar gafin ƙarfe a abinci. Kasko marar kamu ko na ƙarfe marar tsatsa ya fi.

Kazar kuma ita ce rabin aikin. Ki yanka tsokar daidai loma, ki tsane ta da kyau, ki cuɗa da gishiri, ɗan soya sos, ruwan citta da ƙwai ɗaya, ki bar ta minti 20. Sai ki riƙa ɗauka kina birkita ta a busasshiyar konfulawa, kina matsawa a tafin hannu don garin ya kama, ki kakkaɓe sauran. Suya biyu ake yi. Ta farko a matsakaicin wuta, minti 3 zuwa 4, kaɗan-kaɗan kada ki cika kasko, ta nuna har ciki amma ba ta yi ja ba. Ki kwashe a matsami ta huta. Sai ki ƙara wuta man ya yi zafi sosai, ki mayar da ita minti ɗaya. Za ki ji ƙarar ta canja, idan suna bugun matsami kamar tsakuwa. Wannan ɓawon shi ke jure miya. Duk da haka ba ya jure ta har abada, shi ya sa ba a haɗawa sai mai ci ya zauna. Ki dafa shinkafarki fara, ki shimfiɗa ledar cin abinci, ki kira maigida, sannan ki juye kazar a miya ki juya na daƙiƙa 30 ki sauke.

Abarba ana sa ta a irin ta kudancin Sin, wato ta Guangdong da Hong Kong, kuma irin wannan miyar ce ta yaɗu a gidajen abincin duniya saboda mutanen yankin su suka fi yin ƙaura da wuri. Ki sa yankakkiya tare da tattasai. Ruwanta ma yana iya maye gurbin rabin kofin ruwan nan, sai ki rage sukari cokali 1. Abin kiyayewa guda ne, kada ki jiƙa kaza a ruwan ɗanyar abarba, akwai wani sinadari a cikinta mai narka nama, in ta daɗe a ciki sai ta dagargaje. Zafin wuta yana kashe shi, shi ya sa ta gwangwani ba ta yin haka.

Kada jan launin da ya gani ya ɗaga miki hankali. Yawancin masu ja jawur ɗin nan kala aka ɗiga musu. A can Sin ɗin ma ba kowace ce ja ba. A wajen Shanghai da lardin Jiangsu da baƙin khal na garin Zhenjiang suke yi, miyar ta fito ruwan ƙasa mai duhu, babu tumatir ko ɗigo. A Hangzhou kifi suke yi wa ita. A Harbin, can arewa maso gabas, kusan fara ce, sukari da khal kawai. Idan dai kina son jan ya fito ba tare da kala ba, ki jiƙa ɗan zoɓo ki yi amfani da ruwansa a madadin ruwa, ki rage khal kaɗan tunda shi ma da tsaminsa. In babu kecof, tumatirin gwangwani cokali 1 ya isa, ki ɗan soya shi a man tukuna don gafin ya fita, ki ƙara sukari da khal rabin cokali kowanne.

Sai abin da ya fi damuna, kuma don Allah 'yan uwa a kula. Asalin wannan abinci a kudancin Sin da naman alade ake yin sa, kuma yawancin girke-girken da za ku gani a intanet suna sa giyar girki ta shinkafa da ake kira Shaoxing. Akwai ma wani awo da matan can suke haddacewa na ɗaya zuwa biyar: giya 1, soya sos 2, sukari 3, khal 4, ruwa 5. Mu sai mu cire ta farkon, ruwan citta yana kashe ƙarnin nama yadda ake so, kuma Musulminsu haka suke girkinsu da naman sa da na rago. Shi khal halal ne, a Sahihu Muslim ma an ruwaito Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yabe shi a matsayin mahaɗin abinci. Soya sos ne za ki duba wanda aka buga wa tambarin halal, domin wanda aka tsima yakan ɗauki ɗan burbushin giya. Maigida ma idan zai koma gidan abincin nan ya riƙa tambaya da me aka yi, kuma a wane mai aka soya.

Kin kuma tambayi ko za ki iya yin da yawa ki ajiye. Ki haɗa ruwan ba tare da konfulawa ba, ki zuba a wankakkiyar kwalba busasshiya, ki sa a firij, zai yi mako guda lafiya. Wadda aka riga aka ɗaure in ta kwana daskarewa take yi tana tsatstsafo da ruwa, ko an ɗumama ba ta komawa yadda take. Inda wuta ba ta zama kuwa gara ki riƙa haɗawa sabuwa. Idan akwai mai ciwon sukari a gidan ki tuna cokali 4 ɗin nan wajen giram 50 ne, ban da wanda ke cikin kecof, sai a zuba masa kaɗan. In kuma maigidan mai son yaji ne, ki jajjaga attaruhu ɗaya ki soya tare da tafarnuwar tun farko, kada ki barbaɗa garin barkono a ƙarshe, yana kashe mata ƙyalli.