Tambayi Likita: A Ina Zan Samu Mai Maganin Gargajiya Mai Amana a Kano?

Assalamu alaikum. Tambayoyin wannan makon kusan duk sun karkata wuri guda: maganin gargajiya da na Musulunci, da yadda mutum zai samu mai bayar da shi wanda ba zai cuce shi ba. Na zaɓi biyar, na cire sunaye kamar yadda muka saba.

Wani magidanci daga Ɗorayi: Likita, mahaifiyata tana fama da ciwon gwiwa shekara 3. Na sayo mata magani wurin wani mai talla da mota a bakin kasuwa, ya karɓi naira 45,000 ya ce na wata 2 ne. Satin farko ta ji sauƙi har tana sallah a tsaye. Yanzu fuskarta ta kumbura ta yi fam, na kira lambarsa ta fi sau 20, a kashe. Don Allah ka ba ni sunan mai magani da ke ɗaga waya, kuma ba ya tsawwala kuɗi.

Malam, Allah ya ba Hajiya lafiya, ya saka maka da kulawar da kake yi mata. Kafin mu zo maganar suna, akwai abin da ya fi gaggawa.

Ciwon gwiwa na shekara 3 da ya lafa cikin sati guda, sannan fuska ta cika ta yi zagaye, wannan labari ne da na sha ji a ɗakin duba marasa lafiya. Kwanakin baya wata dattijuwa ta zaro mini gorar ruwa daga cikin baƙar leda, ruwan ciki kalar shayi, wani gari ya kwanta a ƙasa, babu takarda babu suna. Da na tambaye ta me ke ciki, sai ta ce "sassaƙe ne kawai, ɗana." Fuskarta ta yi ƙiba, ƙafafunta kuwa sun sirance, sukarinta ya hau alhali ba ta taɓa ciwon sukari ba. Irin wannan yakan faru ne idan an daka ƙwayoyin asibiti irin su dexamethasone ko prednisolone an zuba a cikin jiƙo. Suna kwantar da ciwo nan da nan, shi ya sa mai sha yake yabon maganin, amma idan an daɗe ana sha sai su hawar da jini da sukari, su ci ƙashi, su raunana garkuwar jiki. Ban ce lallai abin da ke cikin gorar Hajiya ke nan ba, sai an duba ta. Amma alamar ta isa a ɗauke ta da muhimmanci.

Kar ka ƙwace maganin yau ka zubar. Idan har irin waɗancan ƙwayoyin ne, kuma ta yi makonni tana sha, jikinta ya rage samar da nasa sinadarin mai aiki irin na ƙwayoyin, kuma yankewa farat ɗaya na iya sa jininta ya faɗi ta galabaita. A hankali ake janye shi, likita na lura. Ka kai ta gobe Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano, ko duk babban asibitin da ya fi kusa da ku, ka tafi da gorar a hannunka. A auna jininta da sukarinta, a yi gwajin ƙoda.

Suna kuwa ba zan ba ka ba, don wannan fili ba na talla ba ne. Amma zan gaya maka abin da ni kaina nake dubawa, tunda ni ma ina da gwaggo wadda ba ta yarda da ƙwaya sai an yi da gaske, kuma ni nake raka ta.

Na farko, yana da wurin zama? Mai ɗori ko wanzamin da ya gaji sana'ar, wanda mai unguwa ya san gidansu, limamin masallaci ya san ubansa, ba shi da inda zai gudu, mutuncinsa ne jarinsa. Mai mota da lasifika yau yana nan, gobe yana Wudil, jibi ya canza layi. Idan kana son sanin ko mutum zai ɗaga waya bayan ka biya, gwada shi kafin ka biya: karɓi lambar, ka koma gida, ka kira da yamma ka yi tambaya guda. Wanda ya amsa a gajarce don ba ka sayi komai ba, ka riga ka ga halinsa.

Sannan ka saurari tambayoyin da yake yi. Mai magani na ƙwarai zai tambayi shekarun Hajiya, da ko tana shan maganin asibiti, da ko tana da hawan jini ko gyambon ciki. Wanda ya miƙo kwalba kafin ka gama bayani, ciniki yake yi. Kuma ka tambaye shi kai tsaye: me ke cikin nan? Ba sai ya tona maka sirrin haɗinsa ba, amma ya iya cewa akwai sabara, akwai maɗaci, akwai kanwa ko babu. Ka ƙara da wata tambayar da na fi so: "Wace cuta ce ba ka iya ba?" Mai gaskiya zai lissafa maka, har ya ce wannan ta asibiti ce. Wanda ya ce kwalba guda tana maganin basir da sanyi da taifod da sukari da rashin haihuwa, ka yi masa sallama.

Maganar kuɗi, ba ni da wani farashi da zan ce shi ne daidai, amma akwai tsarin da ke kare ka. A yanke kuɗin gaba ɗaya tun farko, har da na dawowa. Ka sayi na sati 1 ko 2, ba na wata 2 ba. Wanda ya ce maganin ba ya ci sai an biya duka a dunƙule, aljihunka yake so. Kuma araha ma ba hujja ba ce: jiƙon naira 500 da ya taɓa ƙoda ya fi kowane magani tsada, tambayi masu kai ɗan'uwa wankin ƙoda sau 2 ko 3 a sati.

Wata ɗaliba daga Kabuga: Na ga wani a Facebook yana kiran kansa dakta, kuma kwalaben maganinsa suna da lambar NAFDAC. Wannan bai isa shaida ba?

Malama, ya fi babu, amma bai isa ba. Yawancin magungunan gargajiya da NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ta ba lamba, abin da ta duba shi ne ko suna da illa ga mai sha. Irin wannan lambar takan ƙare da harafin L, kuma a jikin kwalbar ana rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar ba. Wato ba ta ce yana warkar da abin da mai shi ke faɗa a bidiyo ba. Ki duba ranar ƙarewar aiki da adireshin inda aka haɗa, ki kuma sani cewa lambar ma ana buga ta ƙarya.

Dakta kuwa kalma ce da ta yi araha. Hukumar da ke yi wa likitoci rajista a Najeriya ita ce MDCN, kuma a nan Kano hukumar PHIMA ce ke sa ido kan cibiyoyin lafiya masu zaman kansu. Idan kin je wurinsa ki nemi ganin takardar rajistarsa. Mai ita ba ya jin haushin tambayar, a bango ma yake rataye ta.

Wata uwa daga Gwale: Ina da ciwon sukari shekara 6, ina shan metformin da glibenclamide. Na gaji da ƙwaya. Wani mai kyamis ɗin Musulunci, mutumin kirki, kullum yana kirana ya ji jikina, ya ba ni hulba da habbatus sauda da zuma, ya ce in ajiye na asibiti don "kemikal" ne. In ajiye?

Hajiya, a'a, kar ki ajiye. Na ji daɗi da yake kiran ki, mu ma a asibiti ya kamata mu ji kunya a nan, don sau da yawa layi ya yi tsawo, minti 5 muke ba mutum mu ce na gaba. Wannan na cikin abin da ke kai mutane wurinsu, kuma ban ga laifinku ba. Sai dai kirki daban, sani daban. A wannan shawarar ya yi kuskure, kuma kuskure ne mai tsada, don sukari ba ya ihu: a hankali yake cin ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa, mutum yana cewa ai ni lafiya lau nake ji.

Maganar kemikal ma tana ba ni dariya wani lokaci. Ita metformin ɗin da kike sha, asalinta daga wani tsiro ne na ƙasar Turai, aka fara ba masu sukari ita a Faransa a 1957. Maganin zazzaɓin cizon sauro da muke rubutawa kullum, daga wani ɗan'uwan tazargade aka ciro shi a ƙasar Sin, kuma matar da ta jagoranci aikin, Tu Youyou, ta samu kyautar Nobel a 2015. Ba gaba muke yi da itatuwa ba. Bambancin shi ne an auna, an san nawa ke cikin kowace ƙwaya.

Hulba takan ɗan sauke sukari. Wannan ne ma dalilin yin hattara, domin glibenclamide ita ma saukewa take yi da ƙarfi, idan suka haɗu sukarin na iya faɗuwa ƙasa da 4 a ma'aunin mmol/L, ki ji rawar jiki da zufa da jiri. Zuma kuwa, duk albarkarta, zaƙi ce, tana hawar da sukari kamar sauran kayan zaƙi. Idan kina son ci gaba da hulbar, ki gaya wa likitanki, ki riƙa auna sukarinki da safe kafin karin kumallo kina rubutawa a ɗan littafi, sati 2, ki kai masa. Lambobin nan su za su raba gardama. Shi kuma malamin, ki gaya masa abin da na ce. Idan ya ce to a haɗa da na asibitin, ki riƙe shi. Idan ya dage sai kin zaɓi ɗaya, kin samu amsarki.

Wani matashi daga Fagge: Ina son yin hijama. Wani wuri sun ce naira 2,000, wani 15,000. Wanne zan je?

Ba kuɗin za ka duba ba, hannun mai yin za ka duba. A ɓare sabuwar reza a gabanka, kofunan su zama sababbi na amfani sau ɗaya, ya sa safar hannu, ya goge wurin kafin da bayan tsagawa. Ciwon hanta nau'in B da C da cutar ƙanjamau duk suna bin jini, kuma ƙwayar cutar hanta ta B tana iya kwana 7 a raye a busasshen jini a jikin aska ko ƙaho. Ranakun 17 da 19 da 21 ga watan Musulunci wuraren sukan cika, a nan ne gaggawa ke sa a yi sakaci, sai ka buɗe ido. Idan na 2,000 ya cika waɗannan sharuɗɗa, je ka abinka. Amma mai ƙarancin jini, da mai sikila, da mai shan maganin tsinka jini, da mai ciki, su fara tambayar likita.

Wani uba daga Kurna: Ɗana mai shekara 8 ya faɗo daga katanga jiya, hannunsa ya karye kusa da gwiwar hannu. Mun kai shi wurin mai ɗorin unguwarmu, mutum ne sananne kuma bai karɓi komai ba sai abin sadaka. Tun daren jiya yaron yake kuka, yatsunsa sun kumbura sun yi sanyi. Mai ɗorin ya ce haka yake yi, mu yi haƙuri kwana 3.

Malam, wannan saƙon na amsa maka shi tun ranar da ya shigo, ina maimaitawa ne a nan saboda sauran iyaye. Ba a jira da irin wannan ko na awa guda. Karaya tana kumbura a kwanakin farko, idan karan ɗori da tsumman da aka naɗe suka matse, jini ba ya isa ga yatsu, naman hannun ya fara mutuwa cikin 'yan awanni. Karayar da ke dab da gwiwar hannu a jikin yara ta fi hatsari, don babbar jijiyar jini ta nan ta wuce, tsinin ƙashin kansa na iya danne ta. Hannuwan yara da yawa da aka yanke ba karayar ce ta jawo ba, ɗaurin ne.

Ban raina mai ɗorinku ba. Ga dukkan alamu mutumin kirki ne, yana da wurin zama, bai cuce ku a kuɗi ba. Abin da ba shi da shi shi ne hoton ƙashi, kuma hannu ba ya ganin jijiya. Alamomin da ba a yi musu haƙuri su ne ciwon da ke ƙaruwa maimakon raguwa, kuka idan an miƙe yatsun, yatsu su yi sanyi ko fari ko baƙi-baƙi, ko yaro ya ce ba ya jin su. Duk wanda ya ga ɗaya daga ciki, ya sassauta ɗaurin nan take, ya tallafe hannun a kan kwali ko filo daidai ƙirji, kar a ba yaron abinci ko ruwa don ƙila a shiga da shi tiyata, a ɗauki Adaidaita a nufi sashen gaggawa na Asibitin Ƙashi na Dala, ko da tsakar dare ne.