Kiɗan tsofaffin Ingila da abokanka ke yi wa dariya

Ƙanena, na ga saƙonka tun ranar Laraba, aikin dare ne ya hana ni amsawa. Barka da samun gurbin karatu a nan Birtaniya, Allah ya sanya albarka. Ka ce ka duba jerin darussan kwas ɗin haɗa kiɗa da aka turo maka, sai ka tarar da wani zango cike da ƙungiyoyin kiɗan sintesaiza (na'urar lantarki mai ƙirƙirar sauti) na shekarun 1980, su Depeche Mode da Human League, har abokanka na situdiyo suna tsokanarka wai za a sayar da filin gado ka je koyon kiɗan kakanni. Kana tambaya ko waɗannan mutane suna da sauran tasiri a kiɗan da ake yayi yau, ko kuwa malaman ne kawai suke koyar da abin da suka ji suna samari.

Bari in fara da inda abokanka suka yi gaskiya. Idan ka buɗe BBC Radio 1, tashar matasa, da wuya ka ji sabuwar waƙar ɗaya daga cikinsu. Radio 2, ta iyaye, can ake sa su. Yaran da nake haɗuwa da su a bas ba su san fuskar Neil Tennant, mawaƙin ƙungiyar Pet Shop Boys, ba, ko da zai zauna kusa da su. Kuma a kunnena, sabbin waƙoƙin da yawancinsu ke fitarwa ba su kai na da ba. Akwai masu kyau, amma ba wanda ke sayen tikiti saboda su.

To amma ga wani abu da ya faru a Oktoban 2023. Ƙungiyar OMD, 'yan yankin Liverpool da suka fara tun 1978, sun fitar da sabon kundi, ya hau mataki na biyu a jadawalin kundayen da suka fi kasuwa a Birtaniya. Wa ya tare musu na ɗaya? Taylor Swift, da sabon ɗaukar kundinta mai suna 1989, wanda ita da kanta ta gina a kan salon kiɗan shekarun 1980, wato irin kiɗan da su OMD ɗin suka share wa hanya. 'Ya ce ta kayar da uba da makamin uban. A Afrilun 2024 Pet Shop Boys ma suka tsaya a na biyu, ita dai ce a samansu. Depeche Mode kuwa kundinsu na 2023 shi ma na biyu ya zo, suka kuma cika filin wasa na Twickenham a Landan, alhali 'yan ƙungiyar, Dave Gahan da Martin Gore, duk sun haura sittin, kuma abokinsu Andy Fletcher ya rasu a 2022. Abin dariya, a tsawon shekara arba'in da wani abu ba su taɓa samun waƙa guda da ta zo ta ɗaya a ƙasarsu ba. Bai hana su komai ba.

Ni a Sheffield nake, garin Human League ɗin da ka ambata, don haka bari in ɗan daɗe a nan. Gari ne na ƙarfe. Lokacin da suka kafa ƙungiyar a 1977 masana'antun sun fara tangal-tangal, kuma biyu daga cikin waɗanda suka kafa ta ma'aikatan kwamfuta ne, ba makaɗa ba. Ba su iya jita ba, ba su iya ganga ba, na'ura suka saya suka yi ta murɗe-murɗe har sauti ya fito. A 1980 ƙungiyar ta dare biyu, mawaƙinsu Phil Oakey ya rage ga bashi ga wasannin da aka riga aka tallata. Sai ya shiga wani gidan rawa a tsakiyar gari ya ɗauko 'yan mata biyu 'yan sakandare, Joanne Catherall da Susan Sulley, su riƙa amshi. A ƙarshen 1981 waƙarsu "Don't You Want Me" ce ta ɗaya a Birtaniya lokacin Kirsimeti, a 1982 ta zama ta ɗaya a Amurka. Har yau su ukun nan suna hawa dandamali tare.

Ka lura da yadda suka yi aikin? Mutum biyu ko uku, ɗaki ɗaya, na'ura ce ke buga ganga, na'ura ce ke riƙe bas, wato sautin ƙasa mai kauri, murya a bisa. Ai kai ma haka kake yi a situdiyonka, sai dai abin da ya cika musu ɗaki kai yana cikin kwamfutarka ta cinya. Wannan shi ne ainihin tasirinsu, kuma shi ya sa ba a ganinsa: ya zama ruwan da kowa ke sha. A wancan lokacin ba ƙaramin faɗa aka yi ba. A 1982 reshen tsakiyar Landan na ƙungiyar makaɗan Birtaniya har ƙudiri ya amince da shi na neman a hana amfani da sintesaiza, wai tana cinye aikin masu goge da masu busa. Shekara ɗaya bayan haka aka fito da MIDI, tsarin da ke ba na'urorin kamfanoni daban-daban damar magana da juna, Yamaha kuma ta fitar da DX7. Daga nan bakin alƙalami ya bushe. Duk lokacin da ka jona fiyanonka da kwamfuta, da wannan tsarin na 1983 kake aiki.

Sannan akwai ɗiban kai tsaye. "SOS" ta Rihanna a 2006 a kan kiɗan "Tainted Love" na Soft Cell aka ɗora ta, su kuma ɗalibai biyu ne da suka haɗu a makarantar fasaha a Leeds. Sugababes sun zo na ɗaya a 2002 da kiɗan Gary Numan na 1979. "Blinding Lights" ta The Weeknd ba ta yanko kowa ba, amma duk mai kunne ya san daga wane gida gangarta da karinta suka fito, kuma ta yi mako 90 a jadawalin Billboard na Amurka. Andy McCluskey na OMD shi ya kafa ƙungiyar 'yan mata ta Atomic Kitten, da hannunsa kuma a rubuta waƙar da ta kai su na ɗaya a 2001. Ka ga tsohon bai tafi ko'ina ba, bayan labule ya koma.

A nan ne nake so ka buɗe kunne, domin nan kuɗin yake. Duk waƙa haƙƙi biyu gare ta: na wanda ya rubuta kari da baituka, da na wanda ya mallaki ɗaukar sautin. Wanda zai yanki kiɗanka sai ya nemi izinin ɓangarorin biyu ya biya. Idan aka sa waƙa a rediyo ko a kanti ko a gidan abinci, akwai hukumomi biyu a nan, PRS da PPL, masu karɓar kuɗi su raba wa masu haƙƙi. A 2023 wani shirin talabijin na Amurka ya rufe kashinsa na farko da waƙar Depeche Mode ta 1987, washegari matasa suka yi ta nemanta a intanet. Martin Gore da ya rubuta ta yana gida, rabonsa na shigowa. Kai fa? Bit nawa, wato kiɗan da ake ɗora murya a kai, ka sayar a kan kuɗin cefanen mako, ba takarda, ba sunanka, mawaƙi ya tafi da shi ya yi suna? Ba zargi nake ba, haka kasuwar take a wajenmu. Amma in akwai darasin da ya cancanci kuɗin makarantar nan, to wannan ne, kuma tarihin waɗannan tsofaffin shi ne littafinsa.

Lokacin ina ɗalibi na yi aikin duba tikiti a wasanni, kuma na tsaya a ƙofa a wasan irin waɗannan ƙungiyoyi. Furfura ta fi yawa, ba musu. Sai dai da yawa sun zo da 'ya'yansu, kuma yaran sun haddace amshi. Abin da ya tsaya min a rai shi ne yadda dubban mutane ke rera karin fiyanon da baki, ba baitin ba, karin kansa, 'yan sautuka biyar ko shida. Na'urorinsu na farko da yawa sauti ɗaya suke iya fitarwa a lokaci guda, don haka dole karin ya tsaya da ƙafarsa. Kai da kake da sautuka dubu a kwamfuta, jarabar da ke gabanka ita ce ka tara su duka don ɓoye cewa karin bai nuna ba. Na saurari waƙoƙi biyun da ka turo. Ta biyun tana da wannan cutar. Ka yi haƙuri, yayanka ne.

Kuma kada ka shigo aji kana jin kai baƙo ne a wannan fanni. Waƙoƙin nanaye na fina-finanmu a kan fiyano aka gina su tun shekarun 1990, kuma irin gorin da aka yi wa su Human League shi aka yi musu, wai ba kiɗa ba ne tunda ba kalangu ba kukuma. A Yamai, Mamman Sani ya ɗauki kiɗan Nijar da na'urar ogan ta lantarki tun 1978, shekarar da OMD suka fara. Kaset ɗin ya kwanta shekaru, sai a 2013 kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da shi, mutumin ya zo yana wasa a Turai. A shekarar ce kuma aka sake fitar da waƙoƙin William Onyeabor na Enugu, Turawa suka ruɗe a kansa. Idan malaminka ya zo kan Kraftwerk, ƙungiyar Jamus da duk waɗannan 'yan Ingila suka yi koyi da ita, ka ɗaga hannu ka kawo masa Mamman Sani. Na fi zaton da shi za ka rubuta aikin ƙarshen zango.

Saura abin da ba ka tambaya ba. Na ji ka ce za ka riƙa sayar da bit da yin wasa a bukukuwa don biyan haya. Bizar ɗalibi ba ta yarda ba. Awa 20 a mako aka ba ka lokacin karatu, kuma a ƙarƙashin wani za ka yi aikin: ba sana'ar kanka, ba aikin nishaɗantarwa don kuɗi, sai wasan da yake cikin kwas ɗinka. Sayar da bit ta intanet sana'ar kai ce. Na san wanda ya ɗauki wannan da wasa, bai ji daɗi ba. Ka lissafa kuɗinka kamar kiɗa ba zai kawo maka ko kwabo ba har ka gama, ka kuma rubuta wa ofishin ɗaliban waje na makarantar su tabbatar maka da ƙa'idar a rubuce, don tana sauyawa.

Fiyanon kada ka ɗauko shi, kuɗin kaya a jirgi ya fi ƙarfinsa, kuma na hannu suna da araha a nan. Ka kwafo duk ayyukanka a ma'ajiya biyu, ɗaya a jaka ɗaya a aljihu. Kafin ka taso, ka sake haɗa waƙar nan ta biyu da sautuka huɗu kacal, ganga da bas da kari da murya, ka turo min in ji. Ka gaida su Hajiya, ka ce mata saƙon kuka da daddawa ya iso.