Muryar Yaya Injiniya: haƙa rijiyar mai daban, kammala ta daban

(Ga muryar da Yaya Injiniya ya turo guruf jiya, na rubuta ta saboda waɗanda ba su da datar saurare.)

Assalamu alaikum jama'a. To ƙanena na BUK, na ga tambayarka tun da rana. Ka ce an koya muku haƙa daban, kammala rijiya daban, abin da muke ce wa kwamfilishon, kai kuma kana ganin ai da an haƙa an taras da mai shi ke nan. Ina gida wannan satin, ga ni a ƙofar gida a Gwammaja, in kun ji ƙarar a-daidaita-sahu ku yi haƙuri.

Ka taɓa tsayawa inda ake haƙa burtsatse a unguwa? Injin na gamawa ba sa tafiya fa. Sai sun zura bututun roba, a saitin ruwan su sa mai tsaga-tsagan nan, su zuba tsakuwa a gefe, su busa iska har ruwan ya fito garau, sannan a sauke sumo. To wannan aikin na bayan haƙa, shi ne kammalawa. A rijiyar mai ma haka ne, sai dai zurfin ya kai kilomita biyu, uku, ko fiye, ga zafi, ga matsi, abin da ke fitowa kuma yana kama wuta.

Abin da za ka fara yankewa shi ne yadda gindin rijiyar zai haɗu da dutsen da man yake ciki. In dutsen mai ƙarfi ne, kana iya barin sa haka ba kesin, wato babban bututun da ke riƙe bangon rijiyar. Amma galibi ana zura kesin na ƙarfe, a ɗura siminti a bayansa, sannan a sauke wata bindiga mai nakiyoyi ƙanana ta huda ƙarfen da simintin har cikin dutsen. Amfanin haka, kai ke zaɓar inda za ka huda. Ruwa yana ƙasa, gas yana sama, mai a tsakiya. Ka huda kusa da ruwan, kwana kaɗan rijiyarka ta koma ta ruwan gishiri.

Sai yashi. Wallahi nan ne ciwon kanmu a Neja Delta. Dutsen da ake kira Agbada, wanda yawancin man ƙasar nan ke cikinsa, a wurare da yawa bai kame ba. In aka ciro samfurinsa ka murza da yatsa, watsewa yake kamar garin kwaki. Mai na tahowa, yashi na biyo shi. Akwai wata rijiya da na yi aiki a kanta, ba zan kama sunan kamfanin ba, aka ce cushen tsakuwa ya yi tsada, a bar shi. Da aka kwance ƙarfen da ke rage gudun mai a sama, na riƙe shi a hannuna, ka rantse ɓera ne ya ci sabulu. Yashi ne ya cinye ƙarfe haka! Dole aka sake kawo injin haƙa, kuɗin da aka guda aka biya ninkinsa. Shi ya sa ake sa rariyar ƙarfe, a cusa tsakuwar da aka tace a bayanta, kuma girman ƙwayar tsakuwar daga girman ƙwayar yashin ake lissafo shi, ba da ka ba.

Daga nan sai bututun da man zai hau ta cikinsa, tiyubin. Akwai inci 2 7/8, akwai 3 1/2, akwai 4 1/2. Yara da yawa suna zaton babba ya fi. A'a. In ya yi ƙanƙanta ya shaƙe rijiyar, in ya yi faɗi gudu ya ragu, gas ya wuce ya bar ruwa-ruwan yana zamewa ƙasa har rijiyar ta mutu. Ka gane ko? A ƙasa ana sa faka, wata roba da ke toshe tsakanin tiyubin da kesin. Akwai kuma bawul na kariya a cikin rijiyar, matsin da ake turawa daga sama ne ke riƙe shi a buɗe, matsin na yankewa ya rufe da kansa. Can sama sai tarin bawul ɗin nan da ake ce wa bishiyar Kirsimeti.

A Delta za ka ga tiyubin biyu a rijiya ɗaya, don man hawa-hawa yake kamar bene. Kuma tun ranar farko ake barin gurbin da za a riƙa tura gas ya taimaka wa man ya hau idan matsi ya ragu, ko da a lokacin rijiyar na tunkuɗowa da kanta.

Na ga wani ya kawo maganar Kolmani, wurin haƙar man nan da ke tsakanin Bauchi da Gombe, da aka ƙaddamar a Nuwamban 2022. Ba za ka ɗauko zanen Delta ka liƙa a can ba. Sai ka ga samfurin dutsen, ka san matsin, ka san ko gas ɗin na cin ƙarfe, don shi zai gaya maka irin ƙarfen da za ka saya.

An kira isha'i. Ƙanena, ɗauki hoton aikin da malaminku ya ba ku ka turo min ta bayan fage, in na dawo masallaci mu duba lissafin tiyubin ɗin tare.